Tarwaɗar Inna a Manfuha

Shekarun baya, can cikin shekarun tamanin, lokacin da gemuna bai san furfura ba, ina zaune a Riyad ina aikin tafinta a wani kamfanin gine-gine. Karatu ne ya kai ni ƙasar, da na gama sai aiki ya riƙe ni. Ni da mai ɗakina muna haya a unguwar Manfuha, a hawa na biyu na wani tsohon bene, ɗaki biyu da ɗan falo. Rayuwa ce mai sauƙi, muna godiya ga Allah.

A wannan lokacin ne ƙanena ya rubuto mini da ajami, kamar yadda muka saba tun muna gaban mahaifinmu, cewa idon mahaifiyarmu ya rufe. Yana ce ta taso mata a ido biyu, har ta kai sai an riƙe mata hannu zuwa bayan gida. Na kai kukana wurin kafilina, wato wanda ya tsaya mini a ƙasar, Allah ya jiƙansa, ya shiga ya fita har aka samo mata bizar ziyara. Aka sako ta a jirgi tare da wata 'yar garinmu da mijinta ke aiki a can.

Likitan ido ya duba ta, ya ce aikin ba mai wuya ba ne, amma ba zai taɓa ta yanzu ba. Jininta ya yi ƙasa, jikin kuma babu ƙarfi. Ya ce mu koma gida ta ci abinci ta murmure, sannan mu dawo. Na fito daga asibitin ina murna, domin a ganina babu abin da ya fi wannan sauƙi. Abinci a Riyad ai ba a nemansa, shi ke neman mutum.

Ashe ban san abin da ke gabana ba. Inna ta ƙi cin abinci.

Mai ɗakina ta dafa kaza, ta kawo mata. Ta lalubo cinya ɗaya, ta shinshina, ta mayar.

"Wannan kaza ce?"

"Kaza ce, Inna."

"Wa ya ga yankanta? Abin da ya kwana wata da watanni a cikin ƙanƙara, ku ce mini kaza. Ɗauke, 'yar nan, Allah ya yi miki albarka."

Aka yi kabsa, dafa-dukan Larabawa, ta ce shinkafar turare take yi. Aka tuƙa tuwo da garin da ake samu a baƙala, wato kantin unguwa, ta yi loma biyu ta wanke hannu. Da yake garinmu a bakin kogi yake, can ƙasar Yawuri, kuma dangin Inna duk masunta ne, sai na ce kifi ne maganin abin. Na je kasuwa na zaɓo babba mai kyau. Tun daga ƙofa ta ce, "Na teku ne. Ba jininmu ɗaya da shi ba."

Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai wannan" take cewa, in kuma ranta ya yi daɗi ta ce "Malam". Wata safiya bayan na juya ta ta fuskanci alƙibla ta yi salla, sai ta ce, "Kai wannan, zauna." Na zauna.

"Ka mayar da ni gida."

"Inna, ba a yi aikin ba."

"A bar aikin. A gida ko ban gani ba na san inda randa take, na san inda turmi yake, jikokina suna zuwa in raba musu faɗa. A nan fa? Ƙasar da ake kallon yamma a yi salla. Ina zaune kamar kayan da aka ajiye, sai a juya ni nan, a juya ni can. Ka mayar da ni."

Bizarta tana da wa'adi, kwanaki kuma suna tafiya. In har wa'adin ya cika ba ta yi ƙarfin da likita yake so ba, haka zan mayar da ita da makantarta, kuma na san in ta koma ba mai sake ciro ta daga garin nan. Kullum in na riƙe hannunta sai in ji ya ƙara zama ƙashi.

Ina da wani aboki a lokacin, injiniyan lantarki, mutumin Zariya, wanda ya yi karatunsa a arewacin Ingila. Ina kiransa Injiniya, shi kuma yana ce mini Alaramma don tsokana. Ranar wata Juma'a bayan an sauko, na ba shi labarin abin da ke damuna. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To me zai hana mu kamo mata na kogi?"

Na ce, "Injiniya, ina maganar gaske kana wasa. Kogi a Riyad?"

"Wallahi akwai. Mun ja waya ta can kudu, hanyar Ha'ir. Cikin wadin nan, wato kwarin, ruwa ne ke gudu, rani da damina, ga ciyayi ga tsuntsaye. Da idona na ga kifi yana tsalle."

Ya ja ni gidansa, ya jawo wata doguwar jaka daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai sandar fatsa siririya da ake harhaɗawa gaɓa-gaɓa, da wani ƙaramin gare-gare na naɗe zare, da ɗan akwatin ƙarfe. Da ya buɗe akwatin sai na ja da baya, domin na ɗauka ƙwari ne a jere. Ashe ƙugiyoyi ne da aka yi wa ado da gashin tsuntsu da zare, kowace an ɗaura ta ta yi kama da wani ƙwaro. Wata kamar ƙuda, wata kamar fara, wata kamar shinge mai fiffike.

Ya ce a can inda ya yi karatu akwai wani kifi mai ɗigo-ɗigo a jiki da suke kira tirawut, ba ya zama sai a kogi mai sanyi, wanda ruwansa garau yake har kana ganin tsakuwar ƙasa. Kifi ne mai ido da wayo. Ba a ba shi koto na gaske, sai dai a yaudare shi da wannan gashin. Za ka duba irin ƙwaron da ke faɗawa ruwa a ranar, ka zaɓi ƙugiyar da ta yi kama da shi, ka wurga ta sama da inda kifin yake, ruwa ya gangaro da ita a hankali kamar ta faɗo da kanta. In ya ga inuwarka, ko ya ji takunka, shi ke nan, ka yi sallama da shi.

Na ce, "Wato ku je ku yi wa kifi ƙarya da gashin kaza, ku kira shi ilimi."

Ya ce, "Kai da me za ka kama?"

Na bugi ƙirji na ce, "Ni jikan masunta ne. Ka kai ni bakin ruwa kawai."

Gaskiyar magana ita ce, jikan masunta ne ni ta wajen uwa, amma mahaifina malami ne, kuma tun ina ƙarami allo da tawada aka miƙa mini. Na iya fiƙe alƙalami ya yi rubutu kamar ɗab'i, amma ban taɓa ɗaura ƙugiya ba. Abin da na sani na su shi ne abin da na gani daga kan gaɓa da rani, in kawunnaina sun faɗa ruwa da gora da homa, suna ihu suna dukan ruwa, kifi ya ruɗe ya faɗa hannu.

Matsala ta farko ita ce koto. A gida in kana son tana, bayan randa kawai za ka tona. Na ɗauki cokali na sauka bayan benenmu, na tona nan na tona can, ban samu komai ba sai yashi da ɓaraguzan siminti. Wani maƙwabcinmu Bamisire ya leƙo ta taga ya tambaye ni ko zobe na yar. A ƙarshe sai na jiƙa kubuz, burodinsu mai faɗi, na cuɗa shi da ɗan man shanu, na ƙulle a leda.

Ranar Alhamis da hantsi muka kama hanya a tsohuwar motar Injiniya. Muka bar gidaje, muka bar gonakin dabino, muka gangara cikin wadi tsakanin duwatsu masu launin ƙasa. Can sai ga kore. Na ce Subhanallahi. Ruwa ne kwance yana gudu, ga dogayen ciyayi sun fi mutum tsayi, ga balbela a tsaye da ƙafa ɗaya kamar a fadamar garinmu. Ƙamshin laka ya bugi hancina, sai da na ji ƙwalla ta taru mini.

Injiniya ya sa wata riga ruwan ƙasa da hular kaki, ya durƙusa yana rarrafe zuwa bakin ruwa kamar mai neman gafara. Ni kuwa da farar jallabiyata fes, har da ɗan turare. Na ga inda ruwa ya yi ɗan tafki, kifaye suna gilmawa a ciki, sai jinin kawunnaina ya motsa. Na tattare riga zuwa gwiwa, na faɗa ciki, na fara dukan ruwa da tafin hannu ina kora su wajen da yake.

"Ga su nan! Injiniya, ga su nan, tare!"

Ya miƙe tsaye, sanda a hannu, ya kalle ni kamar zai yi kuka.

"Alaramma, me na yi maka?"

"Koro maka su nake yi."

"Da me zan tare su? Da hulata? Ka ga homa a hannuna? Fito, don girman Allah. Ka kori na nan, ka kori na gaba, har na Ha'ir sun ji labarinka."

Na fito da laka har cinya, takalmi ɗaya ya tsaya a ciki. Ya zaunar da ni a bayan wani dutse, ya ce kada in yi tari sai da izininsa. Muka matsa sama inda ban ɓata ba. Na sa kubuz ɗina a ƙugiya na jefa, kafin ta nutse ƙananan kifaye sun wanke ta tas. Na sake, suka sake. Sadaka na yi ta rabawa har ledar ta ƙare.

Shi kuwa bai jefa komai ba tukuna. Ya ɗaga wani dutse daga cikin ruwa ya duba ƙarƙashinsa, ya kaɗa ciyawa ya kama wani ɗan ƙwaro da hula, ya buɗe akwatinsa ya daɗe yana gwadawa. Sannan ya tsaya inda inuwarsa ta faɗa bayansa, ya kaɗa sandar nan gaba da baya, zaren yana shawagi a iska, ya sauke gashin a kan ruwa ko ƙara babu. Ruwa ya ɗauko shi a hankali. Sai na ga baki ya ɓullo ya haɗiye. Karfasa ce, kamar tafin hannu. Na yi kabbara, ya ce in rufe baki. Kafin azahar ya kama wasu 'yan kaɗan, ni kuma na daina yi wa gashin kaza dariya.

Muna haɗa kaya sai ga wani dattijo Balarabe, mai gonar dabino a kusa, ya tsaya da motarsa ya yi mana sallama. Ya leƙa ledarmu ya ce, "Ci za ku yi?"

Na ce masa mahaifiyata zan kai wa, ba ta da lafiya.

Ya girgiza kai. Ya ce, "Ya ɗana, ka san daga ina ruwan nan yake? Ruwan gari ne. Wanda kuka yi wanka da wanki da sauran buƙata da shi, shi ake tacewa a sako nan. Mu dabino muke shayarwa da shi. Ni dai ban taɓa kai kifinsa bakina ba."

Na kalli Injiniya, ya ce wallahi shi waya ya sani, bai taɓa tambayar asalin ruwan ba. Kifayen ma zafi ya riga ya fara taɓa su. Muka bar wa magen gonar su, muka dawo.

Na shiga gida ina ɗingishi da takalmi ɗaya, niyyata in wuce banɗaki ba tare da Inna ta ji ba. Tana kwance a kan tabarmarta, fuska a bango, kamar yadda ta saba kwanakin nan. Sai na ga ta ɗago kai.

"Kai wannan. Zo nan."

Na matso. Ta kamo bakin rigata ta kai hanci, ta ja numfashi mai tsawo. Sai ta tashi zaune da kanta, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

"Laka ce. Ina ka samo kogi?"

Na yi tunanin in ɓoye mata asalin ruwan, amma ban iya ba. Na gaya mata komai, har maganar dattijon. Na zaci za ta yi tsaki ta koma ta kwanta. Sai ta ce, "Akwai tarwaɗa?"

"Na ga wani abu baƙi mai gashin baki yana motsi a ƙarƙashin ciyayi."

"Ita ce. To me ya hana ka? Tarwaɗar kududdufin bayan gari da me take rayuwa? Ai ba a cin ta ranar da aka kama. Da rai ake kawo ta, a sa ta a ruwa mai kyau, ana canzawa ana ba ta abinci mai tsabta, har cikinta ya wanke, warin ya fita. Karatun naku bai zo nan ba?"

Karatun ya zo nan, ni ne ban tuna ba. Washegari na je wurin wani malaminmu na da, na tambaye shi hukuncin dabbar da ta yi kiwo a ƙazanta. Ya ce malamai sun yi magana a kai, a tsare ta a ciyar da ita mai tsarki har ta sauya, sannan babu laifi. Ya tambaye ni akuya ce ko kaza, na ce kifi ne. Ya cire tabarau ya kalle ni, ya ce, "A Riyad?"

Da na gaya wa Injiniya cewa tarwaɗa ake so, kuma da rai, sai ya rufe akwatinsa. Ya ce nasa kifin da ido yake ci, wannan kuwa da hanci take ci, a ƙasa cikin duhun laka, gashin tsuntsu ba zai ce mata komai ba. Inna ta ce hanjin kaza za mu nema, a bar shi ya ɗan sha rana.

Na tafi kasuwar Utaiƙa, wurin masu yanka kaza da rai. Na tsaya gaban wani Bayamale, da jallabiyata da Larabcina na makaranta, na ce ina son hanji. Ya ce kaza nawa? Na ce ba kaza ba, hanjin kawai. Ya kalle ni daga sama har ƙasa, fuskarsa ta yi laushi. Ya kamo wata ƙatuwar kaza ya ce, "Ya Shaikh, riƙe wannan don Allah, ka kai wa iyali. Kowa yana shiga matsi." Na yi ta rantsuwa cewa kifi zan kama, yana cewa, "Na sani, na sani, Allah ya buɗa." Da ƙyar na karɓi hanjina, kazar ma sai da ya tura mini ita a leda.

Alhamis ta zagayo muka koma. Wannan karon na ari wata tsohuwar rigar aiki ta Injiniya, na bar turare a gida. Ko da na sa ma ba zai yi amfani ba, domin hanjin nan ya sha rana yadda Inna ta ce har ya wuce. Injiniya ya sauke gilasai duka huɗu, yana tuƙi da kai a waje, yana cewa in motarsa ta ƙi sayuwa nan gaba ni ne sanadi.

A bakin ruwa muka haɗa nasa da namu. Koton na gida ne, ladabin kuwa nasa ne. Ya nuna mini wani wuri da ruwa ya karya kwana ya ci ƙarƙashin gaɓa, saiwoyi sun sauka ciki. Ya ce ko a can ƙasar sanyi babban kifi irin wannan wurin yake so, inda abinci zai zo masa ba sai ya wahala ba. Na rarrafa, na tsuguna inda inuwata ba ta taɓa ruwa ba. Ya ɗaura mini ɗan ƙarfe a zare don koton ya nutse, ya ce in jefa sama kaɗan in bar ruwa ya kai shi ƙarƙashin saiwar.

"In ka ji an taɓa, kada ka fizga. Bar ta ta ɗauka ta juya tukuna."

Na zauna ina salati a zuci. An daɗe. Sai na ji zaren ya yi ɗan rawa a yatsana, ya tsaya, ya sake. Zuciyata ta ce fizga, na ce a'a. Can sai zaren ya miƙe ya nufi ƙarƙashin gaɓa da ƙarfi. Na ja, aka ja ni. Na manta da duk ladabin da aka koya mini, na miƙe ina ihu, "Injiniya! Injiniya, ta kama ni!"

"Kai ka kama ta, Alaramma! Riƙe, kada ka saki!"

Muka fito da ita tana bugun ƙasa, baƙa, mai santsi, tsawon kamu ɗaya da wani abu. Na kai hannu da gaggawa, ƙayar gefenta ta soke ni a tafi, na yi rawar da ban taɓa yi ba ko a bikina. Muka jefa ta a jarkar da muka yanke wa baki. Can anjima na waiga, na ga Injiniya ya juya mini baya yana wani abu. Ashe babbar ƙugiyarsa mai jan gashi ya ɗauko, yana soka mata hanji. Da ya ga na gan shi sai ya ce, "In ka gaya wa wani, ni da kai har abada." Uku muka samu ranar, biyu nawa, ɗaya tasa, kuma har yau yana cewa tasa ta fi girma.

Muka hau bene da jarka, ruwa na zuba a matakala, maƙwabta na leƙe. Banɗakinmu yana da bahon wanka irin na Turawa, na cika shi na juye su ciki, na zo ina taƙama na gaya wa Inna.

"Ina ka sa su?"

"A bahon banɗaki."

Ta tafa hannu. "Ka ji mini malami. Ka ɗebo su daga ƙazanta don su tsarkaka, ka kai su banɗaki? Ni kuma a can zan zauna da carbina?"

Dole na samo rabin ganga a wurin aikinmu, aka wanke ta, aka ajiye a falo kusa da tabarmarta. Na kama hannunta na sa a cikin ruwan. Ɗaya ta gogi yatsunta ta wuce. Inna ta yi dariya, irin wadda ban ji ba tun ranar da ta sauka daga jirgi. Ta bi bayan kifin da hannu, ta riƙe shi ta bayan ƙaya yadda ba zai soke ta ba, ta ce, "Wannan mace ce. Ramammiya kuwa. Me za ku ba su?"

Daga ranar ganga ta zama tata. Ita ke cewa a canza ruwa, ta sa hannu ta ji ko ya yi sanyi da yawa. Ita ke ba su abinci, kuma ba ta yarda a zuba musu komai sai ta ɗanɗana, wai kada mu kashe mata su da gishiri. A nan ne mai ɗakina ta nuna mini ta fi ni dabara. Ranar farko ta kawo dafaffen ƙwai da 'yar shinkafa a ɗan faranti. Washegari farantin ya ƙara girma. Bayan nan sai ga hanta, sai ga kazar Bayamalen nan da aka ga yankanta.

"Inna, ɗanɗana musu wannan, ina jin kamar yaji ya yi yawa."

Inna ta ɗanɗana. "Bai yi ba." Ta gutsura ta jefa a ganga, ta sake kai wani bakinta. "Amma albasa ta yi kaɗan. Gobe ki kawo nan in yanka miki, ke ba ki iya ba."

Ina zaune a gefe da littafi a hannu, ban karanta ko layi ɗaya ba. Loma ɗaya ta kifi, biyu nata. Mai ɗakina ta kalle ni ta ɗaga gira, na sunkuyar da kai don kada dariya ta tona mu. Ina jin Inna ta gane, ta dai bar mu ne.

Wata rana ina wurin aiki tarwaɗa ɗaya ta yi tsalle ta faɗo, ta kama tafiya a kan darduma ta shige ƙarƙashin kujera. Mai ɗakina ta haye kan tebur tana salati. Inna ce ta bi ƙarar da rarrafe, ta jawo ta, ta mayar, tana yi mata faɗa kamar jikar da ta fita ba izini. Da na dawo aka ba ni labari, na ce ai sun yi ƙarfi, lokacin yanka ya yi. Inna ta ce, "Wa ya gaya maka? Ba su tsarkaka ba tukuna." Na shinshina ruwan, ba wari ko kaɗan. Bayan kwana biyu na sake tambaya, ta ce in fita harkar da ba tawa ba. Maganar komawa gida kuwa ba ta sake tasowa ba.

Wa'adin biza ya matso sosai lokacin da muka koma asibiti. Aka ɗebi jini, muka zauna jira, ina ta jan carbi. Likita ya fito da takarda, ya kalli Inna ya kalle ni, ya ce me muka ba ta? Na ce dogon labari ne. Ya sa ranar aiki a makon. Aka yi ido ɗaya, aka ce ɗayan sai ya huta, kuma da takardar asibitin aka ƙara mata wa'adi.

Ranar da aka cire bandeji, ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Ka rame." Ta kalli mai ɗakina ta ce, "Ke kuma ashe haka kika ƙara kyau." Muka dawo gida, ta hau matakala ba wanda ya riƙe ta, ta wuce kai tsaye wurin ganga. Ta sunkuya, ta rufe ido mai ciwon da tafi, ta duba da mai ganin. Su kuma suka taso sama da faffaɗan kawunansu da gashin baki, suna buɗe baki suna jiran abinci.

Can ta ce, "Waɗannan ne?"

"Su ne, Inna."

"Ikon Allah. Ina ta shafa su kamar jikoki, na manta haka suke da muni." Ta miƙe ta gyara ɗaurin zani. "Malam, kawo wuƙa. 'Yar nan, ɗora ruwa, ki ciro daddawar da na zo da ita. A kira mini Injiniya."

Da hannunta ta gyara su, ta wanke santsin da toka da lemon tsami, ta yi farfesun da ƙamshinsa ya sauka har ƙasan bene. Ta zuba wa Injiniya kai, wanda a wurinmu rabon babban baƙo ne. Ya sha romo ya share gumi, ya ce duk zamansa a Ingila bai ci kifi ba sai yau. Inna ta ci, ta ƙara, ta suɗe hannu.

Yau da aka san abin da aka sani game da irin wannan ruwa, ba zan ce wa kowa ya je ya kwaikwaye mu ba. Mu dai Allah ya kiyaye mu, ba wanda ko kansa ya yi ciwo. Inna ta koma gida da idonta biyu, ta yi shekaru masu yawa tana tsince shinkafarta da kanta kafin Allah ya karɓi abinsa.

Na daɗe ina ɗauka cewa ɗanɗanon gida ne ta rasa a Riyad. Sai da girma ya zo mini, 'ya'yana suka fara cewa "Baba zauna, Baba huta, Baba me za a kawo maka," sannan na gane. Mun kewaye ta da hidima har ba mu bar mata komai ba. Matar da ta yi rayuwarta tana ciyar da mutane, muka zaunar da ita muna miƙa mata cokali. Ba ta warke ranar da ta ci kifin ba, ta fara warkewa ne ranar da aka samu masu jiran abinci daga hannunta.

Saboda haka in tsohonku ya ture kwano, kafin ku canza masa miya, ku duba ko akwai sauran wanda yake buƙatarsa a gidan. In babu, ku samo masa. Allah ya jiƙan iyayenmu, ya sa mu gama da namu lafiya.